Laifin Kare ko Laifin Mai Kare? Muhawarar da Ta Raba Kan Birtaniya

A watan Satumba na 2023 wani ɗan gajeren bidiyo ya karaɗe wayoyin mutanen Birtaniya. Wani fasinja ne ya ɗauke shi daga cikin motar bas a unguwar Bordesley Green ta birnin Birmingham. Wani ƙaton kare ya kuɓuce wa mai shi, ya far wa wata yarinya 'yar shekara 11, ya cije ta a hannu da kafaɗa. Da mutane suka taso ceto sai ya juya kansu, ya fafari wani mutum har cikin gidan mai, ya kai shi ƙasa. Yarinyar ta rayu. Bayan 'yan kwanaki, a ƙauyen Stonnall na yankin Staffordshire, wasu karnuka biyu suka kashe wani magidanci ɗan shekara 52.

Washegari, ranar 15 ga Satumba, Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya fito ya sanar cewa kafin shekarar ta ƙare za a haramta nau'in karen da ake kira XL Bully. Daga ranar ƙasar ta rabu gida biyu. Wasu suka ce an ma makara, wasu suka ce an bar mai laifi an kama dabba. Har yau ƙurar ba ta lafa ba.

Wane irin kare ne wannan?

XL Bully shi ne mafi girma a dangin karnukan da ake kira American Bully. A Amurka aka samar da su, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa shekarun 1990, ta hanyar haɗa karen Pit Bull da wasu danginsa masu faɗin ƙirji da kaurin wuya. Idan aka bi tsatson nasu can baya, za a tarar da karnukan da Turawan Ingila ke sakar wa bijimai don nishaɗi, har majalisa ta hana wannan wasa a 1835, masu abin suka koma haɗa karnuka faɗa a ɓoye. Ƙaton namiji kan haura kilo 50, ga kai kamar turmi, ga muƙamuƙi mai ƙarfin gaske.

Wajen 2014 suka fara shiga Birtaniya. Lokacin kullen korona, da mutane suka zauna a gida suka rasa abokin hira, kasuwar 'yan kwikwiyo ta buɗe. Farashin ɗan kwikwiyon XL Bully ya kai dubban fam, kuma duk wanda ke da karya da ɗan fili a bayan gida ya zama mai kiwo, yana tallata hajarsa a Instagram da Facebook. Babu mai tambayar halin uwar ko na uban. Girma da kwarjini ake saye.

Sai mace-mace suka fara yawa. A da, kimanin mutum uku ne karnuka ke kashewa a ƙasar a shekara, amma a 2022 adadin ya kai 10. A watan Nuwamba na 2021, wani yaro ɗan shekara 10 ya je gidan abokinsa a garin Caerphilly na yankin Wales, wani XL Bully da ba a daɗe da kawowa gidan ba ya kashe shi. Mahaifiyarsa ta zama ɗaya daga cikin masu matsa wa gwamnati lamba a sauya doka.

Abin da dokar ta ƙunsa

An aiwatar da haramcin a Ingila da Wales hawa biyu. Daga 31 ga Disamba 2023 ya zama laifi a sayar da wannan kare, ko a yi kiwonsa don haihuwa, ko a ba da shi kyauta, ko a yasar da shi. Duk wanda zai fita da shi sai ya sa masa takunkumi da igiya. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma mallakarsa ma ta zama laifi, sai ga wanda ya karɓi takardar izini.

A lokacin, samun takardar ya zo da sharuɗɗa: a biya fam 92.40, a yi wa karen fiɗiya yadda ba zai ƙara haihuwa ba, a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi inshorar da za ta biya diyya idan ya ji wa wani rauni, a kuma tsare shi inda ba zai iya fita ba. Wanda ya zaɓi likitan dabbobi ya yi wa karensa allurar mutuwa, gwamnati ta ba shi fam 200. Scotland ta yi jinkiri da farko, amma da aka fara kwasar karnukan daga Ingila ana tsallaka da su can, ita ma ta bi sahu a watan Fabrairu na 2024.

Gwamnati ta yi ƙiyasin akwai irin waɗannan karnuka kimanin 10,000. Da aka buɗe rajista, waɗanda aka rubuta sun haura 50,000. Wannan tazarar kaɗai ta nuna cewa hukuma ba ta san yawan abin da take haramtawa ba, balle inda yake.

An taɓa bin wannan hanya

Birtaniya ta san wannan hanya tun 1991. A shekarar, wani Pit Bull ya yi wa wata yarinya 'yar shekara shida mummunan rauni a birnin Bradford, jaridu suka ɗauki zafi, ministan cikin gida na lokacin, Kenneth Baker, ya gaggauta kai ƙuduri majalisa. Cikin 'yan makonni aka zartar da dokar karnuka masu haɗari, wadda ta haramta nau'i huɗu: Pit Bull, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro. XL Bully shi ne na biyar, kuma na farko da aka ƙara cikin fiye da shekara 30.

Tun farko dokar ta riƙa haifar da shari'o'in da suka sa mutane riƙe baki. Akwai wata karya mai suna Dempsey da aka cire wa takunkumi a kan titi a 1992 don ta yi amai. Ba ta ciji kowa ba, amma kotu ta ce a kashe ta, domin dokar ba ta bar wa alƙali wani zaɓi ba. Shekara uku tana tsare ana ta shari'a kafin a sake ta a 1995. A 1997 majalisa ta sassauta, ta ba alƙalai damar barin kare da rai idan sun gamsu ba barazana ba ne.

Abin da ya fi damun masu nazari shi ne cizon bai ragu ba. Masu bincike na Jami'ar Liverpool sun duba bayanan asibitocin Ingila daga 1998 zuwa 2018, suka ga waɗanda ake kwantarwa saboda cizon kare sun tashi daga kimanin mutum 6 cikin kowane 100,000 zuwa kimanin 15. A 2018 wani kwamitin majalisar dokoki ya binciki dokar, ya ce ba a kawo gamsasshiyar hujjar da ke nuna tana kare jama'a ba, ya nemi a sake duba ta.

Hujjar masu goyon bayan haramci

Masu cewa a haramta ba su musa cewa kowane kare na iya cizo ba. Abin da suke cewa shi ne cizo ya fi cizo. Ƙaramin kare in ya fusata, magana ce ta ɗinki biyu ko uku. Kare mai kilo 50 da aka gaji kakanninsa don su kama su ƙi saki, in ya fusata, maza uku ba sa iya ɓamɓare shi. Likitocin tiyata da suka karɓi waɗanda abin ya rutsa da su sun yi bayanin karyewar ƙashi da yagewar nama irin wanda ba su saba gani daga cizon kare ba.

Suna kuma cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan an yarda cewa karen kiwo yana gadon tattara tumaki, karen farauta yana gadon bin sawu, to me zai sa a ƙi yarda cewa karen faɗa yana gadon wani abu daga kakanninsa? Suna kafa hujja da wani binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ya duba mace-macen 1979 zuwa 1998, inda aka ga dangin Pit Bull da Rottweiler suna da hannu a fiye da rabin waɗanda aka san nau'in karen.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta lokaci. Hukunta mai kare yana zuwa ne bayan an yi ɓarna. Ɗaurin da aka yi wa mutum biyu a shari'ar Caerphilly bai dawo wa uwa da ɗanta ba. Haramci kuwa, a ganinsu, yana rage yawan karnukan tun kafin su kai ga wani yaron, kuma tunda an yi wa na yanzu fiɗiya, da sannu za su ƙare.

Hujjar masu adawa

A ɗaya ɓangaren akwai manyan ƙungiyoyin da suka fi kowa mu'amala da karnuka a ƙasar: RSPCA mai kare haƙƙin dabbobi, da Dogs Trust, da gidan renon karnuka na Battersea, da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya. Dukansu sun amince akwai matsala, sun ƙi amincewa da maganin.

Ƙorafinsu na farko shi ne yadda ake gane karen. XL Bully ba shi da rajistar asali a Birtaniya, saboda haka ba a duba jini ko takardar iyaye. Jami'in ɗan sanda ne ke zuwa da abin awo. Namijin da tsawonsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya kai santimita 51, ko macen da ta kai 48, in siffar kai da ƙirji da jiki ta yi daidai da wadda gwamnati ta zayyana, ya shiga sahun haramtattu. Ta haka kwikwiyo biyu 'yan ciki ɗaya za su iya girma, a kama ɗaya a bar ɗaya. Gidajen renon karnuka kuwa, tunda an hana ba da su kyauta, sun riƙa kashe wasu daga cikin waɗanda ke hannunsu, har da masu lafiya da sanyin hali.

Na biyu, suna cewa nau'i ba ya faɗin halin kare yadda ake zato. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani babban bincike da aka yi a Amurka kan karnuka fiye da 18,000, aka duba ƙwayoyin halittar sama da 2,000 daga cikinsu. Sakamakon ya nuna nau'i yana bayanin kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan.

Wani binciken na 2013 ya bi diddigin mutum 256 da karnuka suka kashe a Amurka daga 2000 zuwa 2009, ya lissafa abubuwan da suka riƙa maimaituwa. A kashi 87 cikin 100 babu wani babba mai ƙarfi a kusa da zai kawo ɗauki. A kashi 84 ba a yi wa karen fiɗiya ba. A kashi 76 kare ne da aka ware, yana ɗaure ko kulle, ba ya samun mu'amala da mutanen gidan. Kowanne daga cikin waɗannan shawara ce da wani mutum ya yanke.

Na uku kuma, kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. An haramta Pit Bull a 1991, masu son karen ban tsoro suka samo XL Bully, wanda jikansa ne. Ba a daɗe da haramta wannan ba jaridu suka fara ba da rahoton cewa hankalin masu saye ya koma kan Cane Corso, wani ƙaton kare ɗan asalin Italiya da ba ya cikin jerin.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Holan ta haramta Pit Bull a 1993 bayan mutuwar wasu yara, ta ɗage haramcin a 2008 da bincike ya nuna cizo bai ragu ba. Italiya ta fitar da jerin nau'i 92 a 2003, ta rage su zuwa 17, sannan a 2009 ta soke jerin baki ɗaya ta ɗora nauyin a wuyan mai kare. Birnin Denver na Amurka ya riƙe haramcinsa tun 1989, har mazauna suka kaɗa ƙuri'a a 2020 suka maye shi da tsarin izini na musamman.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya kan bakansu. Lardin Ontario na Kanada yana kan haramcin da ya kafa a 2005. Denmark ta haramta nau'i 13 a 2010. A lardin Manitoba na Kanada da yankin Kataloniya na Sifaniya, masu bincike sun ga raguwar waɗanda ake kwantarwa a asibiti bayan an kafa dokokin da suka shafi nau'i, ko da yake a Kataloniya dokar ta haɗa da lasisi da inshora, abin da ya sa da wuya a ware wanda ya yi aikin.

Jihar Niedersachsen ta Jamus ta bi wata hanya daban. Ba ta da jerin haramtattun nau'i. Tun watan Yuli na 2013, duk wanda zai fara ajiye kare sai ya ci jarrabawar rubutu kafin ya kawo shi gida, sannan cikin shekarar farko ya je da karen a gwada shi a aikace, a ga ko yana iya sarrafa shi. Inshora da rajista dole ne ga kowa. Kare na shiga sahun masu haɗari ne idan shi da kansa ya nuna alama.

Ina alhakin mai kare?

A rubuce, Birtaniya tana da hukunci mai tsanani. Tun 2014, wanda karensa ya kashe mutum zai iya shan ɗaurin shekara 14, in rauni ne shekara biyar. Gyaran na 2014 ya kuma shigar da abin da ya faru cikin gida, domin kafin nan in kare ya ciji ma'aikacin gidan waya ko baƙo a farfajiyar mai shi, da wuya a gurfanar da kowa. Ma'aikatan gidan waya na Royal Mail har yanzu suna fuskantar harin kare fiye da 2,000 a shekara.

Raunin yana wajen rigakafi. An soke lasisin kare a Ingila da Wales da Scotland tun ƙarshen shekarun 1980, don haka kowa na iya sayen duk irin karen da ba a haramta ba, ba tare da an tambaye shi komai ba. Kuma sau da yawa akan ga alama kafin a yi kisa. Karen Caerphilly ya riga ya kai wa mutane hari a bakin wani shago kwanaki kaɗan kafin ya kashe yaron, kyamara ma ta ɗauka. Hausawa na cewa in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ƙananan hukumomi ba su da isassun jami'an da za su bi irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe tun suna ƙanana.

Bayan haramcin ma an ci gaba da rasa rayuka. Ranar 3 ga Fabrairu 2024, kwana biyu da fara aikin dokar, XL Bully biyu suka kashe wata dattijuwa 'yar shekara 68 a cikin wani gida a Jaywick. A watan Mayu na shekarar, wata mata a Hornchurch da ke gabashin Landan ta mutu a bakin karnukanta biyu, dukansu masu rajista. Takunkumi da igiya na titi ne, alhali da yawa daga cikin mace-macen a cikin gida suke faruwa. Shugabannin 'yan sanda kuma sun koka cewa kuɗin tsare karnukan da aka kama da na likitocinsu ya doshi fam miliyan 25 a shekara. Masu karnukan sun kai ƙara, amma a watan Disamba na 2024 babbar kotu ta tabbatar da haramcin.

Idan aka auna ɓangarorin biyu da adalci, kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Girma da ƙarfin kare suna ƙayyade munin ɓarnar da zai yi, kuma gwamnatin da ta ga ana binne yara ba za ta naɗe hannu ba. Amma haramcin suna ɗaya jinkiri kawai yake sayo wa hukuma. Muddin ba a yi amfani da jinkirin an kama masu kiwon kuɗi, an dawo da lasisi, an ɗauki ƙorafin maƙwabta da muhimmanci ba, wani karen mai sabon suna zai cike gurbin.

Ta ina abin ya shafe mu?

A Abuja da Kaduna da Kano da Jos, matsalar tsaro ta sa masu hali suna sayen karnukan gadi na ƙetare: Rottweiler, da Alsatian da aka fi sani da karen 'yan sanda, da Caucasian, da Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda yana cikin nau'i 13 da Denmark ta haramta. Yawanci suna wuni a keji, a sake su da dare, maigadi ne kaɗai ke kusantarsu. Wannan shi ne ainihin yanayin warewar da binciken 2013 ya samu a kashi uku cikin huɗu na mace-macen da ya duba. Wanda ke cikin haɗari shi ne almajirin da ya tura ƙofa, da 'yar talla, da mai karanta mita, da yaran 'yan haya. A 2014 karnukan wani gida a unguwar Igando ta Legas sun yi wa yaro ɗan shekara huɗu raunin da sai da aka fitar da shi ƙasar waje neman magani.

Ɗora alhaki a kan mai kare tsohon abu ne a wurinmu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna shi, kuma a Muhtasar na Shaihu Halil an kawo batun wanda ya ci gaba da ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗe shi a cikin abubuwan da ke ɗora wa mutum alhakin jini. Mafarauta da makiyaya, waɗanda shari'a ta halatta musu riƙon kare, sun san cewa duk ɓarnar da ya yi a gari su za a nema.

Sai dai a nan akwai haɗarin da Birtaniya ba ta fama da shi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka ta cizon kare ake kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya wuce asibiti a ranar don a fara masa allura, ko da raunin ƙarami ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa allurar rigakafin karnuka, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, yaɗuwar cutar tana yankewa. Hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a daina rasa rai ta wannan hanya, kuma cimma hakan a jihohinmu zai buƙaci ƙananan hukumomi su san gidajen da ke da karnuka, da waɗanda aka yi wa allura, da sunan wanda za a kira idan ɗaya ya fita titi.